Busa a Gaban Suruki

Wai ku ne kuke cewa aikina ihu ne kawai? To, madalla. Jiya na ji ku da kunnena a teburin mai shayi, kuna cewa Baba Habu ya tsufa yana cin albashi a kan "Hura! Hura! Hura!", wai ko kwandastan bas ya fi shi shan wahala. Ban tanka ba, don shayina zai huce. Yau kuwa ba inda za ni, sai ku gyara zama. Zan ba ku labarin wani mahauci a nan Fatakwal, Sabi'u, wanda ya sami aikin da zai raba shi da hayaƙin kwata, ba abin da ya rage masa sai ya hura injina da ƙarfi, shi kuwa ya ƙi. Amma kafin ku gane abin da ya same shi, dole ku san yadda iska take fita daga ƙirjin mutum, don na lura ku shaƙa kawai kuka iya.

A Enugu na koyi aikin nan. A unguwar Uwani aka haife ni, yaren Ibo a bakina kamar na gado, shi ya sa wani asibitin ƙirji ya ɗauke ni tafinta tsakanin ma'aikata da mutanenmu masu tari. Ɗakin gwajin numfashi a hannun wata mata yake, Madam Uche, gajeriya, amma in ta yi magana har bakin get ana ji. Da ta ga na cika leƙe, sai ta ce in ina so za ta koya mini. Ranar farko ko taɓa injin ba ta bari na yi ba. Kasuwar Kenyatta ta aike ni, wai in sayo huhun akuya haɗe da maƙogwaronsa, kada mahauci ya sa wuƙa ko'ina. Ni duk zatona farfesu take marmari. Da na kawo, ta cusa wani bututun roba a maƙogwaron, ta ɗaure da zare, ta miƙo mini.

"Oya, blow."

Na hura, huhun ya tashi ya cika tire.

"Leave am."

Na saki. Sai na ji fiii, ya sace da kansa, ya koma yadda yake.

"Who press am?"

Na ce ba kowa. Ta ce to, na gama karatun ranar.

Abin da take nufi shi ne, shaƙa ita ce aiki, fitarwa kyauta ce. In za ka shaƙi iska, wannan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda kowane mahauci ya sani, shi ne zai ja ƙasa, haƙarƙari ya buɗe, iska ta shigo. In za ka fitar kuwa, ba abin da kake yi. Tantanin ya saki, huhu ya koma da kansa kamar roba, iskar ta fice da dattin da jini ya kawo mata. Yanzu haka da kuke zaune kun saki baki, abin da ke faruwa ke nan, kuma ba wanda ya yi gumi a cikinku. Bayan haka Madam ta sa na matse huhun nan iya ƙarfina, ta jefa shi a bokitin ruwa. Ya ƙi nutsewa. Ta ce komai matsa, akwai iskar da ba ta fita, ita ce take hana huhu mannewa. Farfesun kuwa ta yi shi daga baya, ko romo ban gani ba.

To, mu a ɗakin gwaji ba wannan ta kyautar muke nema ba. So muke mutum ya cika ƙirjinsa fal, ya kama bututu da leɓe, ya watso iskar da dukkan ƙarfinsa, naman ciki da na tsakanin haƙarƙari su taru su matsa, kuma ya ci gaba da turawa har sai ta ƙare. Inji yana auna yawan iskar da ta fito gaba ɗaya, da kuma nawa ce ta fito a daƙiƙar farko. Mai lafiya, wajen kashi uku cikin huɗu ko fiye yana ficewa a wannan daƙiƙar. Wanda hanyoyin iskarsa suka ƙuntata, mai asma ko wanda hayaƙi ya ci, iska tana shiga, amma fita sai a hankali, kamar motoci a gadar Onitsha ana gobe Kirsimeti. Yana ƙara matsawa, ƙananan hanyoyin suna ƙara tsukewa. Shi ya sa za ka ga irinsu suna tsuke baki in za su fitar da numfashi, ka ce kunu suke hurawa. Tsofaffin ma'aikatan kwal da suke zuwa mana, wasunsu kuma huhun ne ya taurare, iskar ta fito da sauri amma ba ta da yawa. Kowanne da irin zanen da inji yake yi masa, kuma wanda bai sa ƙarfi ba shi ma da nasa zanen.

Nan ne ihun ya shigo. Mutum yana ɗan hurawa sai ya ji kamar ya gama, ya saki, alhali da saura. Sai an tsaya a kansa ana kora shi. Mutumin farko da Madam ta bar mini wani dillalin shanu ne, sa'an mahaifina, gemunsa fari fat. Na russuna na ce, "Baba, don Allah a ɗan hura, in ba damuwa." Ya hura kamar mai tofi a kan yaro. Madam ta ture ni gefe.

"You dey beg am?"

Ta daka masa tsawa da yaren Ibo, wanda ko zo in kashe ka bai sani ba. Dattijo ya firgita, ya hura har alƙalamin injin ya kusa fita daga takarda. Ya tashi yana gyara rawani yana cewa, "A'uzubillahi! Yaro, matar nan lafiyarta ƙalau?" Madam ta ce me ya ce, na ce godiya yake yi. Sai da na yi watanni kafin na iya yi wa mai furfura tsawa ban ji kamar uwata za ta tsine mini ba. Ku da kuke ganin sauƙi, ɗayanku ya je ya tsaya a kan limamin unguwar nan, ya ce masa, "Da saura, Malam, kar ka yaudare ni!" In ya dawo da haƙoransa, sai mu yi magana.

Injin Madam na da ne, wata ganga ce kife a cikin ruwa, in an hura ta tashi, alƙalami ya yi zane a takarda mai juyawa. Ni ne mai canja ruwan, ni ne mai wanke bututai, ni ne kuma mai shan zagi in tawada ta bushe. Na yanzu ɗan ƙarami ne, a haɗa shi da kwamfuta, amma sauran kayan ba su canja ba. Akwai mamatsin hanci, mai kama da na shanya, don kada iska ta gudu ta sama. Akwai bututun kwali, kowa da nasa. Sai kuma babbar masifa, sirinjin gwaji. Wata ƙatuwar sirinji ce mai cin lita uku, kaurinta ya kai cinyata, ba ta da allura, iska kawai muke tura wa injin da ita kowace safiya don mu tabbatar bai fara ƙarya ba. To, ka gaya wa mutumin ƙauye haka. Wani Bafulatani ya taɓa shigowa ya same ni na rungume ta ina turawa. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Wannan ta mutane ce?" Kafin in buɗe baki ya kai titi. Takalmansa sun daɗe a ɗakin muna jira ya dawo, har muka ba mai gadi.

Daga Enugu na koma Onitsha, wani ƙaramin asibiti kusa da babbar kasuwa, inda masu shagunan fulawa da siminti suke turo 'yan dakonsu. Nan na ga iri-iri. Na ga goro ya fice ta bututu ya bugi bango. Wani ɗan canji ya hura, haƙorin Makkansa ya bi iska, muka kwance bututun muna nema shi kuma yana salati da hannu a baki. Amma wanda ba na mantawa shi ne wani ɗan dako, Ɗan'asabe, kansa duk furfura, na tambaye shi shekarunsa ya ce ashirin da biyar. An gaya masa ba a ɗaukar tsofaffi. Abin da bai sani ba, injin da tsawonka da shekarunka yake lissafa iskar da ya kamata ka kawo. Ka ce kai saurayi ne, sai ya nemi iskar saurayi. Ɗan'asabe ya hura har idonsa ya yi ja, injin ya ce bai kai ba. Da na yi masa bayani, sai ya ce, "To Malam, a mayar da ita hamsin." Na mayar, ya haye lafiya lau. Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "In da na ce saba'in fa, za su ƙara mini albashi?"

Shekarar da ta fi kowace muni a nan Fatakwal ta same ni, shekarar korona. Ku tuna fa, sana'ata ita ce in sa mutum ya watso duk abin da ke ƙirjinsa a ɗakin da nake tsaye. A lokacin da ko atishawa ka yi a keke napep sai an sauke ka, wa zai bar ni in yi wannan? Aka garƙame ɗakin. Aka ba ni wannan 'yar bindigar auna zafi, aka tsayar da ni a get ina nuna wa mutane a goshi, rana ta dake ni, ruwa ya dake ni. Masu asman da na saba da su suna zuwa suna roƙo a gwada su, ba hali. Muryata har ta fara mutuwa don rashin amfani, sai da na riƙa zuwa kallon ƙwallo ina ihu don kada ta yi tsatsa. Da aka tashi buɗe mu, aka ce tsohon ɗakin ba ya shan iska. Aka yanka mini wani da katako a ƙarshen baranda, aka fasa ƙatuwar taga, raga kawai ba gilashi, aka ce kada a kuskura a toshe ta. Bencin masu jira kuwa a gindin tagar yake, duk abin da aka yi a ciki ana ji a waje.

A wannan ɗakin aka kawo mini Sabi'u. Wani kamfani mai dafa wa ma'aikatan haƙar man fetur abinci a kan teku ne yake neman mahauci, kuma ba sa ɗaukar kowa sai ya ci gwajin huhu. Ranar ce ta ƙarshe, da azahar likita zai sa hannu a rufe. Sabi'u ƙato ne, bai fi shekara talatin ba, aikinsa babbakar akuya da ganda a kwata, a kan wutar tsofaffin tayoyi. In kun taɓa wucewa ta wajen kun san baƙin hayaƙin da nake nufi. Tare da shi akwai wani dattijo siriri cikin babbar riga, Alhaji Ɗanjuma, babba a cikin mahautan kwatar. Shi ya samo masa gurbin ta hannun wani mai sayen nama a wurinsa. Ni na ɗauka ubansa ne.

Bayan mun gaisa, Alhaji ya ce, "Malam Habu, ga yaron nan. Wannan da baki yake hura akuya ta kumbura kafin a feɗe ta. Ni injinka nake ji wa tsoro." Ya fita ya zauna a bencin gindin taga, yana ɗan tari ƙasa-ƙasa.

Na auna tsawon Sabi'u, na matse masa hanci, na nuna masa yadda ake yi. Ya shaƙi iska, ƙirji ya tashi, na ce a raina yau aiki ya zo da sauƙi. Na ce, "Hura!" Sai ya yi fuuu, kamar mai fifita wa jariri koko. Na ce a sake. Wannan karon ya yi irin ta mahauta, ya cika kumatu ya tura, ya tsaya, ya sake cikawa. Na ce a'a, injina ba akuya ba ne, daga ciki nake so, gaba ɗaya. Ya ce to. Ya sake, ta fi ta farko lalacewa.

Na duba zanen. Mai ciwon gaske, ko sau nawa ya hura, zane iri ɗaya yake bayarwa, don ƙirjinsa ba shi da wani abin da ya ɓoye. Na Sabi'u kuwa kowanne da kamarsa, yana tashi a hankali, ya tsaya a tsakiyar hanya. Wannan ba ciwo ba ne, riƙewa yake yi. Kuma ƙa'idar aikin, ba a wuce sau takwas, don daga nan mutum ya gaji, jiri ya fara ɗibarsa, sakamakon ya zama shirme. Ana kuma bukatar uku masu kyau da suka yi kama da juna. Na yi masa ihu da Hausa, na yi da Turancin kasuwa, na ari na Madam na yi da Ibo. Muka ɓarar da biyar. Haushi ya kama ni, na ce, "Kai Sabi'u, tusa ba ta hura wuta fa!" Wayyo, ashe na taka inda ke ciwo. Yaro ya zaro ido, ya dubi taga, gumi ya karyo masa. Daidai nan Alhaji ya yi tari a waje, sai na ga wannan ƙaton ya ƙanƙance a kan kujera.

Na matso na rage murya. "Wai Alhaji mene ne naka?"

Ya sunkuyar da kai. "Baban mai ɗakina ne."

Inna lillahi! Suruki! Ku da aka haifa a nan ba za ku gane ba, kuna cin indomi kwano ɗaya da iyayen matanku kuna gardamar ƙwallo. Sabi'u ɗan ƙauye ne daga wajen Gumel. A wurinsu ba ka cin abinci a gaban suruki, ba ka kiran sunansa, in ka hango shi a hanya sai ka cire takalmi ko ka canja lungu. Daga baya na ji ko keken da suka hau, gaba ya zauna a gefen direba, rabin jikinsa a waje.

Ya ce, hanci a matse, "Malam, tun ta farko da na matsa cikina na ji iskar tana neman wata hanyar daban. Wake na ci da safe."

Na ce, "Haba Sabi'u, wannan ai kullum ne a ɗakin nan. Naman ciki in ya matsa, ba ya tambayar ina aka nufa. Ni har na daina ji."

"Kai ka daina, shi fa? Wallahi gara in rasa aikin."

Na dubi idonsa, da gaske yake. Ga aikin teku, ga albashi, ga rabuwa da hayaƙin taya, zai bar su duka saboda wake. Na rasa dariya zan yi ko marinsa zan yi. Saura busa uku, kuma ukun duka nake bukata.

Na fita wurin Alhaji. Na ce, "Alhaji, ko za a ɗan taka bakin titi a sha iska?"

"Iskar Fatakwal? Wadda na sha ma ta ishe ni."

"To ko masallaci..."

"Lokaci bai yi ba. Malam Habu, ba inda za ni sai na ga takardar yaron nan a hannunsa." Ya ƙura mini ido. Tsohon mahauci ba yaro ba ne. Ya jawo ni kusa. "Kunyata yake ji?"

Na gyaɗa kai.

"Ta baki, ko ta ɗaya wajen?"

Na ce, "Duka, Alhaji."

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, sai da ya dafa bango. Da ya lafa ya ce, "In na tashi yanzu zai san na gane, kunyar ta ninku. Ko bakin teku na koma, ji zai yi ina bayansa. Mu je."

Ya yi sallama ya shiga. Sabi'u ya zame daga kujera ya durƙusa, mamatsin yana nan a hancinsa. Alhaji ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Malam Habu, ni ma a gwada ni. Tun ɗazu nake jin ihu, in ga abin da ya gagara." Na yi masa tambayoyin da muke yi wa kowa, ciwon zuciya, ko an yi masa aiki kwanan nan, ya ce ba ko ɗaya. Na sa sabon bututu. Dattijon nan ya cire hula ya ajiye a kan teburina. Ya tuɓe babbar riga, ya tuɓe 'yar ciki, ya rage daga shi sai singileti da wando, a gaban mijin 'yarsa. Ya miƙo hanci na matse. Sabi'u yana neman ƙasa ta tsage ya shige.

Alhaji ya shaƙa. Na ce, "Hura, Alhaji! Hura! Da saura!"

Ya matsa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Sai ga ta nan. Ba ƙarama ba fa, irin doguwar nan mai lanƙwasa a ƙarshe. Wata mata a benci ta ce, "Jesus!" Alhaji ko gezau, ya ci gaba da hurawa har na ce ya isa. Tari ya sarƙe shi, ya daɗe yana yi. Da ya samu kansa ya share ido ya ce, "Alhamdulillahi. Malam Habu, wannan ta ƙasan injin yana lissafawa, ko asara na yi?"

Na ciji leɓe har na ji gishiri. Har yau ban sani ba, kuɓuce masa ta yi ko sakinta ya yi da gangan.

Ya ce, har lokacin ni yake yi wa magana, "Ka gaya wa yaron nan na riga shi. Duk abin da zai yi yanzu, bin sawun manya ne." Ya ja kujera zuwa kusurwa, ya zauna ya fuskanci bango.

Sabi'u ya tashi, kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba dariya ce ko kuka. Ya kama sabon bututu, ya cika ƙirji. Kafin in buɗe baki sai na ji daga kusurwa, "Hura, ɗan nan! Hura!" Jama'a, ranar na ga busa. Layin ya miƙe tsaye cak, ya gangaro sumul, takardun da ke kan teburina suka tashi. Ya huta ya sake, ya huta ya sake, uku kamar an buga su da hatimi ɗaya. Ko ta zo ko ba ta zo ba, kada ku tambaye ni, wannan sirrin aiki ne.

Na ba shi sakamakon na ce ya ruga ofishin likita kafin azahar. Ya fita da baya da baya, takalmi a hannu.

Na juyo in yi wa Alhaji barka, sai na ga bai tashi ba. Yana nan a singileti, ya dafa gwiwoyi ya ranƙwafa, ya tsuke baki yana fitar da numfashi a hankali, leɓensa ya yi duhu. Na buɗe zanensa a kwamfuta. Ya ɗan tashi kaɗan, ya faɗo, ya lotsa, sannan ya ja doguwar wutsiya. Ko rabin iskarsa bai fita a daƙiƙar farko ba. Mai ƙirji irin wannan ba ƙaramar azaba ya sha ba kafin ya yi busar nan, kuma na tabbata ya san haka tun kafin ya cire hula.

Na ce, "Alhaji, busa ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Amma ba za ka bar asibitin nan ba sai ka ga likita."

Ya ɗaga hannu. "Zan gan shi. Tun ba a haifi yaron nan ba nake tsaye a kan wutar taya, ba sai injinka ya gaya mini ba. Daga wurin alwala zuwa sahu sai na huta." Ya ja numfashi. "Nasa fa? Nuna mini nasa."

Na jera masa su biyun, nasa da na Sabi'u. Bai iya karatun boko ba, amma wannan ba ya bukatar karatu. Ya daɗe yana kallo.

"Hayaƙin bai kama shi ba?"

"Bai kama shi ba, Alhaji. Tas yake."

"'Yata tana da ciki," ya ce. Ya sake duban zanen yaron. "To, shi ke nan. Miƙo mini hulata."